Fargabar Jarrabawar Aikin Hannu a Wajen Ɗaliban Likitancin Haƙori



 Maudu'in da aka ɗora mana shi ne fargabar da ke kama ɗaliban likitancin haƙori idan jarrabawar aikin hannu ta ƙarato. Mai yiwuwa wani ya ce ai wannan mas'ala ce ta mutane 'yan kaɗan. Haƙiƙa 'yan kaɗan ne, kuma ƙarancin nasu shi ne babban dalilin da ya sa ya kamata mu yi magana a kansu.

Makarantar koyon likitancin haƙori ta farko a Nijeriya an buɗe ta ne a Jami'ar Legas a shekarar 1966, kuma Arewa ta jira shekaru masu yawa kafin a sami irinta a Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Bayero ta Kano. Karatun na shekara 6 ne, kuma kowane aji bai da yawa. A ɗaya gefen kuma buƙatar a fili take. Mutum nawa ne a ƙauyukanmu ke kwana da ciwon haƙori har fuska ta kumbura bai ga likita ba? Cutar nan mai zaizaye baki da fuskar ƙananan yara, wadda likitoci ke kira noma, ta sa tun 1999 aka keɓe mata asibiti guda a Sakkwato, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. Saboda haka duk ɗalibin da fargaba ta kayar, ko ta sa ya bar karatun, asarar ba ta tsaya a gidansu kaɗai ba.

Yadda jarrabawar take

Domin iyayenmu su fahimci abin da 'ya'yansu ke fuskanta, ya kamata mu fara da siffanta jarrabawar, domin ta bambanta da wadda muka saba da ita ta alƙalami da takarda. Gwajin aikin hannu yakan zo ta fuska uku.

Ta farko ita ce aiki a kan mutum-mutumi. Kai ne na roba da aka ɗaura a jikin tebur, da haƙora a jere a bakinsa. Akan ce wa ɗalibi ya haƙa rami a haƙori kaza irin wanda ake yi kafin a cike haƙori, ko ya fiƙe shi yadda za a sa masa hula, a cikin lokaci ƙayyadadde. Injin da ke hannunsa yana juyawa sau 300,000 ko fiye a minti ɗaya, wato sau 5,000 ke nan a daƙiƙa ɗaya. Farin ɓawon haƙori kuwa, a inda ya fi kauri, bai wuce kimanin milimita 2.5 ba, kuma idan an yanke shi ba ya sake tofowa. Idan haƙorin na sama ne, ta cikin ɗan madubi ɗalibi zai riƙa kallonsa, inda motsin hannu ke bayyana a juye. Mai rubutu idan ya yi kuskure sai ya soke ya sake. Mai inji ba shi da wannan dama.

Ta biyu ita ce jarrabawar tashoshi, wadda ɗalibai ke kira Oski. Wani malamin likitanci mai suna Ronald Harden da abokan aikinsa a garin Dandi na ƙasar Sikotilan su ne suka bayyana tsarinta a 1975. Akan jera tashoshi da yawa, kowace da aikinta: a nan a karanta hoton haƙori, a can a yi wa mara lafiya tambayoyi, a gaba a nuna yadda ake allurar kashe zafi. Kowace tasha tana da 'yan mintoci, sau da yawa biyar zuwa goma, sai ƙararrawa ta kaɗa, ɗalibi ya tashi ko ya gama ko bai gama ba. Malami yana tsaye da takardar maki yana duba kowane mataki, kuma galibi ba ya magana.

Ta uku, wadda ta fi nauyi, ita ce aiki a bakin mutum mai rai a gaban malami. A nan akwai yawu da jini da harshen da ba ya tsayawa wuri ɗaya, akwai kuma majiyyaci wanda shi ma tsoro yake ji.

To 'yan uwa, duk wanda ya dubi waɗannan zai ga abubuwa huɗu sun haɗu wuri ɗaya: lokaci ƙanƙane, idon malami a kan hannu, kuskuren da ba ya gyaruwa, da sanin cewa faɗuwa na iya jawo sake zama, ko maimaita shekara, ko ma sallama daga sashen idan ta yawaita. Wanda bai ji komai ba a irin wannan hali shi ne abin mamaki.

Abin da ke faruwa a jiki

Idan mutum ya hangi haɗari, wasu ƙananan gaɓoɓi biyu da ke saman ƙoda sukan saki wani sinadari mai suna adirinalin cikin jini. Nan take zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya yi sauri, baki ya bushe, tafin hannu ya jiƙe da gumi. Jiki yana shirin gudu ne ko kokawa, kuma ba ya bambance tsakanin kura da malami mai takardar maki.

Wani abin da ɗalibai da yawa ba su lura da shi ba shi ne hannun kowane mutum lafiyayye yana da 'yar rawa ta ɗabi'a, kimanin sau 8 zuwa 12 a daƙiƙa, amma ƙanƙantarta ta sa ido bai cika ganinta ba. Babban likitan da ya shekara talatin yana aiki shi ma yana da ita. Adirinalin yana ƙara mata girma ne kawai har ta bayyana, haka ma rashin barci da yunwa da sinadarin kafeyin da ke cikin goro da gahawa da shayi da lemon ƙara kuzari. Saboda haka ɗalibin da ya ga madubi yana karkarwa a hannunsa, abin da ya gani aikin sinadari ne a cikin jini, kuma yakan lafa idan aka fara aiki hankali ya tattaru.

Tun a 1967 masana halayyar ɗan Adam biyu, Liebert da Morris, suka raba fargabar jarrabawa kashi biyu. Kashi na farko shi ne tashin jiki, wato abin da muka siffanta yanzu. Kashi na biyu shi ne damuwar tunani, wato zancen zuci irin na "idan na faɗi me zan ce wa Baba?" ko "kowa ya fi ni iyawa." Binciken da ya biyo baya ya yi ta nuna cewa kashi na biyun ne ya fi alaƙa da raunin sakamako, domin yana cinye hankalin da aiki ke buƙata. Wannan rabe-rabe yana da fa'ida babba, domin yana nuna mana inda ya kamata a sa ƙarfi.

Darasi daga Amsadam

Hujja mafi kusa da maudu'inmu ta fito ne daga makarantar likitancin haƙori ta birnin Amsadam a ƙasar Holan. A 2009 malamai biyu na makarantar, Brand da Schoonheim-Klein, suka buga sakamakon binciken da suka yi a kan ɗalibansu. Sun auna fargabarsu a jarrabawa iri uku: ta rubutu, da ta fiƙe haƙori a kan mutum-mutumi, da ta tashoshi. Sun tarar fargaba ta tashi a dukkan ukun, kuma ta tashoshi ce ta fi tayar da hankali, ita ce kuma ɗaliban suka fi yi wa shiri. Amma natijar da muke so kowane ɗalibi ya riƙe ita ce wannan: yawan fargabar ɗalibi bai nuna irin makin da zai samu ba.

Ma'anar wannan ita ce bugun zuciya ba shi ne alƙalin ƙwarewa ba. Ɗalibi yakan shiga ɗaki jiki na ɓari ya fito da maki mai kyau, wani kuma ya shiga cikin natsuwa ya faɗi saboda bai koyi aikin ba. Kuskuren da ɗalibanmu ke yi shi ne su ɗauki tsoron a matsayin shaida a kansu, su ce tun da nake jin haka lallai ban iya ba. Daga wannan fassara ce ɓarnar take farawa.

Kwanakin baya wani ɗalibi ya same mu yana cewa ya yanke shawarar neman canjin sashe. Da muka tambaye shi ko faɗuwa ya yi, sai ya ce a'a, bai taɓa faɗuwa ba, amma duk ranar gwaji hannunsa na rawa, kuma ya tabbata mai irin wannan hannu bai dace da bakin mutane ba. Shekara huɗu na wahala yake shirin zubarwa saboda hukuncin da ya yanke wa kansa, alhali malamansa, waɗanda su ne masu auna aikin, ba su yanke masa shi ba.

Inda cutar take

Idan tsoron shi kansa ba ya kayar da ɗalibi kai tsaye, to ta ina yake cutarwa? Yana cutarwa ne ta hanyar abubuwan da yake tura ɗalibi ya aikata, kuma za mu ambaci huɗu.

Na farko, gudu zuwa ga littafi. Mai tsoron inji yakan sami sauƙi a wajen karatu, sai ya haddace matakan cike haƙori tsaf, ya ƙaurace wa ɗakin gwaji inda rauninsa ke bayyana. Amma sanin kai daban, sanin hannu daban, kuma hannu ake jarrabawa.

Na biyu, raya daren jarrabawa da goro da gahawa. Kafeyin yakan ɗauki kimanin awa 5 kafin rabinsa ya bar jiki, saboda haka wanda ya sha da tsakar dare zai shiga ɗakin jarrabawa da sauransa a jini ga kuma rashin barci, wato ya haɗa wa hannunsa abubuwa biyu masu ƙara rawa.

Na uku, shan magani ba da umarnin likita ba. Akwai ƙwayoyin rage bugun zuciya da ake ba masu hawan jini, waɗanda wasu ɗalibai ke miƙa wa junansu kafin gwaji. Waɗannan suna iya toshe numfashin mai ciwon asma, suna kuma iya saukar da bugun zuciya fiye da kima. Kasancewar mutum ɗalibin asibiti bai ba shi izinin rubuta wa kansa magani ba.

Na huɗu, wanda ya fi duka muni, shi ne ɓoye kuskure, kuma za mu dawo kansa.

Matakan da suka dace

Mataki na farko shi ne rarraba gwaji a kan kwanaki. A 2006 Moulton da abokan aikinta a Toronto ta ƙasar Kanada suka koya wa ƙananan likitocin tiyata ɗinkin ƙananan jijiyoyin jini. Kashi ɗaya sun yi darussa huɗu a rana ɗaya, ɗaya kashin kuma darasi ɗaya kowane mako har mako huɗu. Da aka gwada su daga baya, 'yan mako-mako ne suka fi riƙe aikin. Barci ma yana da hannu a ciki, domin a 2002 Matthew Walker da abokan aikinsa a Amurka sun nuna cewa waɗanda suka koyi wani motsin yatsu suka kwana, saurinsu ya ƙaru da kimanin kashi 20 cikin 100 ba tare da ƙarin kuskure ba, alhali waɗanda suka shafe daidai wannan lokaci a farke ba su sami irin wannan ƙari ba. Haƙori ɗaya kowace rana har wata guda ya fi haƙori talatin a mako na ƙarshe. Magabata sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Mataki na biyu shi ne sabawa da ido. Aikin da hannu ya riga ya iya yakan lalace idan mutum ya koma yana sa ido a kan kowane motsi nasa, kamar mai saƙar hula da aka ce ya ƙirga kowane zare. Sian Beilock da Thomas Carr sun gwada wannan a 2001 da masu koyon wasan golf, inda ake tura 'yar ƙwallo da sanda zuwa rami. Waɗanda suka yi koyo ana ɗaukarsu da kyamara, da sanin cewa za a duba su, ba su rikice ba da aka matsa musu daga baya. Darasin a fili yake. Ɗalibai su haɗu uku-uku, ɗaya yana aiki, ɗaya yana riƙe da agogo, ɗaya yana tsaye da takardar maki fuska a ɗaure. Wanda aka yi wa haka sau ashirin, idon malami ba zai zame masa baƙo ba.

Mataki na uku shi ne neman gyara tun da wuri. Ɗalibi ya kai aikinsa mafi muni wajen malami, ya tambaye shi takamaimai ina bangon ramin ya karkace, ina zurfin ya wuce. Ya kuma nemi sanin ma'aunin da ake ba da maki a kai, domin kaso mai yawa na tsoro daga rashin sanin abin da ake nema yake tasowa.

Mataki na huɗu na ranar jarrabawa ne. A yi barci, a karya kumallo, a isa da wuri a duba kayan aiki. Kafin a taɓa inji a ja numfashi a hankali a sake shi a hankali fiye da yadda aka ja, sau biyar ko shida, domin dogon fitar da numfashi yana sassauta bugun zuciya. A gyara zama da fitila. A kafa yatsan da ke kusa da ƙarami a kan haƙori mai ƙarfi kamar yadda aka koyar tun farko, domin wannan madogara an tanade ta ne saboda hannun da ke iya motsi. A jarrabawar tashoshi kuwa, da zarar ƙararrawa ta kaɗa, tashar da ta wuce ta wuce. Kowace tasha da makinta, kuma wanda ya ɗauki baƙin cikin ta uku ya shiga da shi ta huɗu ya yi asara biyu.

Amanar majiyyaci

Mu dawo kan ɓoye kuskure. Wani lokaci ɗalibi yana aiki a bakin mutum sai inji ya zarce ya taɓa ɓargon haƙori inda jijiya take, ko ya gogi haƙorin da ke maƙwabtaka, ko saiwa ta karye a wajen cirewa. A wannan daƙiƙa tsoron maki yakan raya masa ya rufe ya yi shiru. Amma ɓargon da aka buɗe aka rufe ba bisa ƙa'ida ba yana iya zama ciwo da ruɓa bayan kwanaki, kuma wanda zai kwana da shi mutum ne da ya buɗe bakinsa bisa amana. Wajibi ne a tsaya a kira malami. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Makin da aka rasa ana iya samo shi a zama na gaba, amma wanda ya koya wa kansa ɓoye kuskure yana ɗalibi, da wannan ɗabi'a zai buɗe asibitinsa.

Wannan damuwa da majiyyaci tsohuwa ce a tarihin sana'ar. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba ta Andalus wanda ya rasu wajen shekarar 1013, ya rubuta littafinsa At-Tasrif a kashi 30, ya keɓe na ƙarshe ga aikin hannu, ya zana kayan aiki kusan 200, cikinsu har da na kankare dattin haƙori da na cirewa. Ya yi bayanin ɗaure haƙoran da ke girgiɗi da zaren zinariya ko azurfa. Ya kuma gargaɗi almajiransa cewa ciwo yakan ruɗi majiyyaci ya nuna haƙori mai lafiya, a cire shi ciwon bai tafi ba, ya soki masu cire haƙori da gaggawa har su karya muƙamuƙi. Malamin da ya yi wannan gargaɗi so yake almajirinsa ya ji nauyin abin da ke hannunsa. Saboda haka ɗalibin da ke tsoron cutar da mutum yana da wani abu mai daraja, abin da ya rage shi ne ya mayar da tsoron ya zama taka-tsantsan da yawan gwaji.

Haƙƙin da ke kanmu

Iyayenmu, muna roƙonku da girmamawa. Kiran yaro "Likita" tun yana aji biyu, da ambaton kuɗin da aka kashe a duk lokacin da ya kira gida, da gwada shi da ɗan wane, duk suna ƙara ruwa ne ga zancen zucin nan da muka ce shi ya fi cutarwa. Abin da yake buƙatar ji a daren jarrabawa shi ne ana yi masa addu'a, kuma ko yaya sakamako ya zo shi ɗa ne a gida. Idan ya faɗi, sake zama hanya ce da makaranta ta tanada, kuma likitoci nagari da yawa sun bi ta.

Mu ma masu wa'azi da nasiha akwai namu. Kada ɗalibi ya kawo mana kukan fargaba mu sallame shi da cewa raunin imani ne ko ƙarancin tawakkali. Mun riga mun ga cewa bugun zuciya da gumin hannu halitta ce da aka gina jiki a kanta, tana samun salihi da waninsa. Idan muka ce masa haka mun ɗora masa nauyi na biyu a kan na farko, kuma gobe ba zai sake faɗa wa kowa ba. Dogaro ga Allah yana tafiya ne tare da riƙo da sababi, kuma sababi a nan shi ne gwaji da barci da neman gyara.

Malamai kuma muna tunatar da su cewa tsawa a gaban majiyyaci ba ta gyara hannu, tana koya wa ɗalibi ɓoyewa ne. Bayyana ma'aunin maki tun farkon zango, da shirya jarrabawar gwaji kafin ta gaske, da buɗe ɗakin mutum-mutumi bayan lokacin darasi, abubuwa ne masu sauƙin kuɗi da yawan amfani.

Akwai kuma iyakar da idan fargaba ta kai, ta wuce nasiha. Wanda ya shafe makonni ba ya barci, ko ya daina cin abinci, ko numfashinsa ke sarƙewa har ya ji kamar zai mutu, ko ya daina zuwa asibiti gaba ɗaya, ko ya fara tunanin cutar da kansa, wannan ya ga likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayya ba tare da jinkiri ba. Abin yana da magani, kuma babu abin kunya a neman sa. Abokan ɗaki su ne farkon masu lura, saboda haka kada su yi shiru.

A ƙarshe, ya ku 'yan uwa ɗalibai, idan ranar ta zo kuka ji zuciya na dukan uku-uku, ku tuna haka ta yi wa waɗanda suka riga ku, cikinsu har da malamin da ke tsaye a kanku. Ku ja numfashi, ku kafa yatsa, ku fara da matakin farko. Akwai mutane a garuruwa da ƙauyuka da ke jiran ku gama. Allah Ya ba ku nasara, Ya sa albarka a hannuwanku, Ya amfanar da al'umma da ku.